Hannun Wa Ya Gina? Mata, Maza da Sana'o'in Mutanen Da



An nemi mu yi magana kan sana'o'in kakanni, sai muka ga ya dace mu fara da tsingaro, wato ɓaraguzan tukwanen da manoma kan tono a kufai. Masu haƙar kayan tarihi da su suke karanta zamanin da babu rubutu. Sai dai tsingaro ba ya faɗin sunan wanda ya gina shi. Shi ya sa aka daɗe ana cike giɓin da zato: in an ga ƙarfe ko gunki a ce aikin namiji ne, in an ga tukunya ko gululun mazari a ce na mace ne.

Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa dalilin yin shakkar wannan zato, domin kasuwar Illela kaɗai ta isa makaranta. A Sakkwato jima da dukanci sana'ar maza ce, amma a wurin Buzaye matan maƙera ne ke ɗinka jaka da matashin fata, kuma kowa ya san kyan aikinsu. A marinar Ƙofar Mata ta Kano maza ke rini. A Abekuta kuwa mata ne ke riƙe da baba. Ko a gida ɗaya, tsohuwa ce ke kaɗi, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya yi wa riga aiki. To, rigar ta wa ce? Idan rabon aiki ya saɓa haka tsakanin maƙwabta masu cin kasuwa ɗaya, yaya za a yanke hukunci kan mutanen da suka shuɗe shekaru dubu biyu?

Mu duba gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza. Da dama daga cikinsu sun haura shekaru 2,500, kuma an gina su ne da naɗin yumɓu hawa-hawa, kamar yadda ake ginin tukunya. A ƙasar Gbagyi da ke kusa, wannan gini na mata ne. Daga cikinsu Ladi Kwali ta fito, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20. Amma da an zo maganar gumakan sai bakinmu ya zarce da cewa gwanin da ya gina.

Binciken zamani ya fara warware zaton ta fuska biyu. A Birka ta ƙasar Suwidin, kabarin da aka tona a 1878 aka iske takobi da dawakai, an ɗauke shi na jarumi namiji, sai gwajin ƙwayoyin gado ya nuna a 2017 cewa mace ce. A Amurka kuma, a 2019, an auna zanen yatsun da ya rage a jikin tsofaffin tukwanen yankin Chaco, aka ga maza ma sun yi ginin da ake jingina wa mata.

Inda abin ya shafe mu shi ne, irin wannan awo ba ya yiwuwa sai an tarar da kaya a mazauninsu. Gumakan da ake kira na Sakkwato da Katsina mafi yawansu 'yan sari ne suka tone a ɓoye, suka tsallakar da su, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Ba ma so a ce ta iyakarmu suke fita.

A shekarun 1960 wata Bafaranshiya, Nicole Echard, ta ɗauki fim na yadda maƙeran Adar ke dafa tama kafin sana'ar ta mutu. Muna ba ƙungiya shawara ta ware kuɗi a bana, ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su bi tsofaffin magina da masu kaɗi, mata da maza, su naɗi bayaninsu, tunda roba da gorar ruwa sun kori tulu daga gidaje da yawa. Wanda kuma ya tono wani abu a gona, ya bar shi a wurin, ya sanar da hakimi.