Sunan Magani Dabam, Sunan Kamfani Dabam: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata da ke can baya, 'yan'uwana Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa da Sakkwatawa da Allah ya haɗa zamanmu a wannan gari na Gombe.

Kwamitin jin daɗin jama'a ne ya ce in yi magana a kan tsadar magani, don a cewarsu mafi yawan masu neman taimakon asusun ƙungiya takardar likita suke zuwa da ita a hannu. To, magani fage ne mai faɗi. Zan tsaya a kan iri ɗaya, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda 'yan boko ke kira antibayotik, mu kuma muke cewa kafso, ko ja da baƙi, ko ja da rawaya.

Jama'a, kowane magani sunaye biyu gare shi. Akwai sunansa na yanka, akwai kuma laƙabin da kamfani ya sa masa don ciniki. Amoxil laƙabi ne, sunan yanka amoxicillin. Flagyl laƙabi ne, sunan yanka metronidazole. Septrin, sunansa co-trimoxazole. Augmentin kuwa haɗin abu biyu ne, amoxicillin da clavulanic acid. Idan kun ɗauki kwali, babban rubutu mai launi shi ne laƙabi. Ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa, wanda ba mai kula shi, shi ne maganin da zai shiga jikinku.

Me ya sa mai laƙabi ya fi tsada? Kamfanin da ya ƙirƙiro magani doka na ba shi kariya ta shekara 20, ba mai yin irinsa sai da izininsa, don ya mayar da kuɗin bincikensa. Da wa'adin ya cika, kowane kamfani mai lasisi yana iya yi. Amoxicillin ya shigo kasuwa tun 1972, Augmentin a 1981. Wa'adinsu ya ƙare tuntuni. Yau kamfanoni a Indiya da nan Nijeriya suna yin su. Duk wanda ya taɓa ciniki a Tudun Hatsi ya san masara ɗaya ce, ko da wane tambari ke jikin buhu.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun 1989 gwamnatin tarayya ta kafa dokar jerin muhimman magunguna, kuma da sunan yanka aka jera su. Amma sai a 2023 abin ya taɓa aljihunmu sosai. A watan Yuni na shekarar aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, a watan Agusta kuma kamfanin GSK, masu Augmentin, suka ba da sanarwar rufe harkarsu ta kai tsaye a ƙasar nan. Farashinsa ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. Magidanta da dama suka riƙa fita daga famasi hannu rabbana, alhali a kan kanta guda akwai wani kwali mai haɗi iri ɗaya da ƙarfi iri ɗaya, a kuɗin da suke iya biya. Ba wanda ya gaya musu, su kuma ba su tambaya ba.

Nan ne nake son mu daɗe. Mu Hausawa muna da kunya a gaban likita. Ya rubuta, mu karɓa da hannu biyu, mu ce Allah ya saka. To, kafin ka tashi daga kujerar, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ko a Asibitin Ƙwararru na jiha ko a ƙaramin asibitin unguwarku, ka ce, "Likita, don Allah a rubuta mini da sunan maganin na asali, ƙarfina kaɗan ne." Wallahi ba raini ba ne. A famasi kuma ka tambayi mai haɗa magani, kamfani nawa yake da su na wannan maganin, nawa-nawa ne. Abin da za ka tabbatar shi ne suna ɗaya, lamba ɗaya. Idan an rubuta 625, to amoxicillin miligiram 500 ne da clavulanic acid 125. Kada a ba ka 375 a ce ai duk ɗaya ne. Kada kuma a ba ka amoxicillin zalla a madadin haɗin nan, don ɗayan abin yana da aikinsa: shi ke kare amoxicillin daga wasu ƙwayoyin cuta da suka koyi lalata shi.

Na ji wani dattijo ya ce araha ba ta ado. Baba, kana da gaskiya, kuma ba daga sama ka faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017, kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko kuwa ba su kai inganci ba. Sai dai ku lura, mai buga jabu ya fi kwaɗayin laƙabi mai tsada, don a nan riba take. Tsada ba shaida ba ce. Shaida ita ce lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, sai ranar ƙarewar aiki, sai kuma inda ka saya. Wasu kwalaye suna da ɗan wurin kankarewa. Tun 2010 aka fito da wannan tsari, ka kankare, ka tura lambar ta waya, a ba ka amsa. Maganin da ya wuni a faranti a kan yaro a tashar mota, cikin zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, ko da na gaske ne, rana ta taɓa shi. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30.

Sai wata al'ada tamu ta baƙi. Duk mai zuwa gida sai a ba shi saƙo, ya taho da kwalin kafso daga Kano a ajiye saboda bacin rana. A 2024 an tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiya a Dangwauro, hanyar Zariya, don a samu sa ido. Wannan ya shafi 'yan sari. Magidanci ba shi da dalilin tara antibayotik a ɗaka, yau a ba mai ciwon haƙori biyu, gobe a ba mai gudawa uku.

Yanzu ku yi lissafi da ni. Likita ya ce sau uku a rana har kwana bakwai, ƙwaya 21 ke nan. Kati ɗaya yawanci ƙwaya goma ne. Mutum ya dage sai mai tsada, kuɗinsa ya kai kati ɗaya, ya sha kwana uku, zazzaɓi ya sauka, ya bari. Ƙwayoyin cutar da suka rage su farfaɗo, ciwo ya dawo, a koma asibiti, wannan karon sai allura da gado. Da ya sayi mai sauƙin kuɗi ya cika 21 ɗin, da an wuce wurin. Kuma ɓarnar ba a kansa kaɗai ta tsaya ba. Alexander Fleming, wanda ya gano penicillin a 1928, tun 1945 ya yi gargaɗi cewa shan abin da bai kai kima ba yana koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a kan gaba. Mu ke nan.

Iyaye mata, ga naku. Murar hunturu da ke kama yara, yawancinta ba ta jin antibayotik ko kaɗan, kuɗin a banza ya tafi. Gudawar yaro, ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc su ne kan gaba, ba Flagyl ba, sai in likita ya ce. Idan kuwa an rubuta wa yaro amoxicillin saboda ciwon haƙarƙari, ku tambaya ko akwai ƙwayar da ke narkewa a cokalin ruwa. Tana da sauƙin kuɗi, ba ta neman firji. Na kwalba mai haɗin clavulanic acid, da zarar an zuba masa ruwa sai a firji, bayan kwana bakwai kuma zubarwa ake yi. Ina firji, ina wuta? Ku faɗa wa likita halin gidanku. Sannan wanda penicillin ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, ya sani Amoxil da Augmentin da Ampiclox duk dangi ɗaya ne, canza laƙabi ba ya raba shi da su.

Batun "taifod da maleriya" da ake haɗa wa kowa, wannan sai wani zaman. Abin da zan ce kawai, gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifod, kuma an sha kafso da yawa a garin nan a kan sakamakonsa.

Shugaba, ina da roƙo biyu ga kwamiti. Jihar Gombe tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, GoHealth. A tura mutum biyu ofishinsu su jiyo sharuɗɗan rajista da abin da ake biya, su kawo mana rahoto a taro mai zuwa. Na biyu, duk takardar likita da aka kawo neman taimakon asusu, kafin ma'aji ya fitar da kuɗi, a kai ta famasi mai rajista guda biyu a ji farashi da sunan yanka, a biya cikakken adadin kwanakin da aka rubuta, ba rabi ba. Wanda ya zo da kwalin magani a aljihu, ina nan bakin ƙofa bayan addu'a, mu karanta ƙaramin rubutun tare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.