Tafiyar Keke Domin Yaranmu: Jawabin Kwamitin Ayyuka a Taron Shekara



Kwamitinku ya zo da shawara guda: ƙungiya ta shirya doguwar tafiya a kan keke wadda za ta ratsa Anka da Bukkuyum ta ƙare a Gummi, domin tara gudunmawar karatun yaranmu. Muna roƙon ku saurari dalili kafin ku yanke hukunci.

Babu wanda ya manta da shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma da Bagega. Musabbabin shi ne niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, inda ƙurar ta sauka a tsakar gida da kwanukan abinci. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi jinyar dubban yara, an kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a 2013, sannan suka miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022. Sai dai magani yana rage dalmar da ke cikin jini ne kawai, ba ya mayar da abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata, kuma wasunsu suna buƙatar malami mai haƙuri da sana'ar hannu. Ga kuma ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Gummi cikin Agustan 2024. Waɗannan su ne za a yi wa tafiyar.

Me ya sa keke, ba takardar neman taimako ba? Domin mutane sun gaji da takarda, amma suna tsayawa su kalli mai gumi. A 2022 Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna, duniya kuwa ta bi shi da ido. Namu bai kai nasa nisa ba, amma manufa ɗaya ce.

Da farko, horo. Yawancinmu rabonmu da keke tun muna makaranta, yau kuwa kujerar ofis da mota sun sassauta mana gwiwa. Don haka duk mai sha'awa ya fara da ganin likita a auna masa hawan jini da sukari. Sannan ya ɗauki wata uku yana atisaye, sau uku a mako, daga kilomita 10, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya iya yin 60 a yini ba tare da ya kwanta ciwo ba. Ya koyi yin faci da ɗaure birki da mayar da sarƙa, ya saba da hular kwano, ya riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama shi. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, cikin sanyin hunturu, a tashi da asuba a sauka kafin azahar. Zafin bazara ba abin wasa ba ne.

Na biyu, kuɗi, wanda a nan ne ƙungiyoyi da yawa suke tuntuɓe. Kowane mahayi zai nemi masu alkawarin biyan wani abu a kan kowace kilomita da ya taka. Gudunmawa za ta shiga asusun banki guda mai sa hannun mutum uku, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma. Abinci, masauki da motar rakiya kuwa daga aljihunmu za su fito, ba za a taɓa ko kwabo na yara ba. Kafin a karɓi sisi za a bayyana makarantun da za su amfana, kuma a mujallar baɗi za a buga abin da ya shigo da inda ya tafi.

Na uku, tsaro. Duk mun san halin da hanyar Mayanci zuwa Anka da Ɗaki Takwas ta shiga saboda 'yan bindiga. Ba za a sa rana ba sai da amincewar jami'an tsaro da masarautunmu. Idan suka ce a dakata, kowane reshe ya taka daidai wannan nisa a garin da yake zaune, a rana ɗaya. Ran mahayi ɗaya ya fi duk abin da za mu tara.

Abin da muke nema yau shi ne sakataren kowane reshe ya rubuta sunan masu hawa da na masu ɗaukar nauyinsu kafin a watse. Wanda ƙafarsa ba za ta iya ba, aljihunsa ya taka masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.