Mawaƙi Ɗaya, Ba Makaɗa, Ba 'Yan Amshi



A watan Yulin 2015, mawaƙin Ingila Ed Sheeran ya cika filin wasa na Wembley dare uku a jere, daga shi sai jitarsa da wata na'ura da yake takawa da ƙafa. Zai bubbugi jikin jitar, na'urar ta naɗe sautin ta riƙa maimaitawa. Sai ya ɗora kiɗa a kai, ya ɗora muryarsa, har ya zama shi ne makaɗi, shi ne ɗan amshin kansa. Kuma na'urar ba ta rufin asiri. In ya yi kuskure, haka za ta yi ta nanata shi a gaban dubban mutane.

Mu kam tsayuwar mutum ɗaya a fage ba baƙon abu ba ne. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa kaɗai yake riƙe taro.

Inda nake da ja shi ne a wuraren bikinmu, inda ake kunna waƙar da aka gama a situdiyo, mawaƙi yana motsa baki kawai. Ranar da janareta ya ɗauke, sai ka ji tsit.

Mawaƙanmu, don Allah ku riƙa rera mana da bakinku.