Ranar da za a tambayi ɗanka makinsa

Jawabin wani likitan haƙori gaban iyayen ɗalibai, ƴan kasuwa da ma'aikata



Da yawa cikinku kuna da ƴaƴa ko ƙanne a Amurka, a New York ko Greensboro inda ƴan Nijar suka taru, kuma wasu yaran sun sa ran karatun likitancin haƙori. Can ba a shiga wannan makaranta da bakaloreya kai tsaye. Sai yaro ya yi jami'a, galibi shekara 4, sannan ya zauna jarrabawar da ake kira DAT, wadda ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka take shiryawa. Akwai tambaya 100 kan ilimin halittu da sinadarai, akwai lissafi, akwai karatu da fahimta cikin Ingilishi, akwai kuma tambaya 90 na gwajin ido, kamar a nuna masa takarda an ninke an huda, ya faɗi inda hudar za ta fito in an warware. Kada ku raina wannan, don mai gyaran haƙori da ɗan ƙaramin madubi yake aiki, a juye yake ganin abin da hannunsa ke taɓawa. Da ana ba da maki daga 1 zuwa 30. Tun Maris 2025 aka koma 200 zuwa 600.

To, makarantar da takardun yaro suka burge takan kira shi ganawa. Sau da yawa makinsa na gaban malaman, kuma in ya zauna jarrabawar sau biyu, duka biyun suna gani. Sai ɗaya ya aza yatsa inda makin ya yi ƙasa, ya ce me ya faru nan?

Nan fa tarbiyyarmu take iya cutar yaro. Mun koya masa in babba ya ambaci laifinsa ya sunkuyar da kai ya yi shiru, kuma a gida wannan ladabi ne. Su kuwa can sai su ɗauka ɓoye wani abu yake. Wani kuma don gudun kunya sai ya laƙa wa jarrabawa laifi, ko ya ƙago rashin lafiya. Ba makin suke tambaya ba, ai sun riga sun gani. So suke su san mutumin da gobe, in ya yi kuskure cikin bakin majinyaci, zai faɗi gaskiya ya gyara.

Yaron da ya yi lise da Faransanci a Damagaram ko Tawa, in ya gaza a sashen karatu, ya faɗa a fili: tambaya 50 cikin minti 60 da harshen da ya koya da girma sun fi ƙarfinsa a lokacin. Amma kada ya tsaya nan. Ya nuna darussan Ingilishi da ya ɗauka daga baya, da makin da ya samu, ya taƙaita, ya bar malamai su wuce.

Ku kuma iyaye, wasiƙar wani babba ko goron gaisuwa ba su shiga wannan ɗaki. Taimakonku shi ne ku tambayi yaro makinsa na gaskiya a waya ba tare da faɗa ba, ya saba furta shi gaban manya. In ya ce zai sake jarrabawar, sai ya jira kwana 60 ya kuma biya sabon kuɗi. Kafin ku aika kuɗin, ku tambaye shi wane sashe ne ya kada shi, da abin da ya shirya masa.