Ɗanwake a Birnin Landan

Yau hirarmu ta kai mu kicin ɗin 'yan uwanmu mazauna Ingila, waɗanda kwaɗayin ɗanwake kan tashe su da sanyin safiya.

Wake bai taɓa zama matsala ba. Farin waken nan mai baƙin ido, wanda Najeriya da Nijar ke kan gaba wajen nomansa a duniya, yana nan jibge a kantunan Indiyawa da 'yan Pakistan, domin su ma abincinsu ne. Uwargida za ta niƙa shi a injin markaɗe na kicin, ta tankaɗe, ta haɗa da garin rogo ko filawa.

Wurin kanwa da kuka ake gane gwana. Idan babu kanwa, bekin soda na tsaya mata, amma ɗan kaɗan, abin da yatsu biyu za su ɗauka a jiƙa a ruwa. Da an zarce, ɗanwaken ya yi ɗaci. Kuka kuwa aikinta babba ne. Ita ke ba ƙullun danƙo, ita ke sa ɗanwaken ya taso saman tafasasshen ruwa da santsinsa ba tare da ya watse ba. Shagunan 'yan Afirka a unguwar Peckham suna sayar da ita, kuma ta cancanci tattaki.

Sauran kuma man gyaɗa ne, da yaji, da albasa, da dafaffen ƙwai.

Iyaye mata da ke can, don Allah ku jawo yaranku kusa da tukunya, ku bar su su jefa ƙullun da hannunsu.