Barin Tuwo A Koma Kitse: Jawabin Kwamitin Lafiya A Taron Ƙungiya, Sabo Ibadan

 

Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da muƙarrabansa, iyayenmu mata da ke can bayan rumfa, da 'yan'uwa na nan Sabo da waɗanda suka taso daga Bodija da Akinyele, muna yi muku barka da zuwa. Mu 'yan kwamitin lafiya an ba mu ɗan lokaci ne, don haka za mu shiga magana kai tsaye.

A 'yan watannin nan wani saƙo yana ta yawo a wayoyinmu ta WhatsApp. Wai mutum ya bar tuwo da shinkafa da burodi da amala da sukari, ya koma nama da ƙwai da man shanu da kitse, tumbi zai zube, ciwon sukari zai lafa. Sunan tsarin keto. Wani ɗan'uwanmu a nan, ba za mu kama suna ba, ya riƙe shi wata huɗu cur. Tumbi kuwa ya zube, har sai da tela ya rage masa wando. Amma da ya je gwajin jini, likita ya dubi takarda, ya dube shi, ya ce: Alhaji, me kake ci? Kolestarol ɗinsa mai cutarwa ya haura inda bai taɓa kaiwa ba. Shi da kansa ya ce mu kawo maganar gaban jama'a, domin ya riga ya koya wa mutum uku.

Abin ba sabo ba ne, wayar hannu ce kawai ta sabunta shi. Tun a 1863 wani Bature a Landan mai suna William Banting, wanda sana'arsa shirya jana'iza, ya buga ɗan littafi kan yadda ya rame bayan ya bar burodi da sukari da dankali. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara cin mai da yawa da sitaci kaɗan domin yara masu farfaɗiya, kuma har yau ana amfani da shi ga waɗanda magani bai kama ba, ƙarƙashin kulawar likita. A 1972 Dakta Robert Atkins ya fitar da littafinsa, abin ya zama yayi ga masu son rage ƙiba.

Yadda yake aiki kuwa shi ne, jiki ya saba ƙona sukarin da yake samu daga tuwo da shinkafa da dangoginsu. Idan mutum ya rage sitaci da sukari ƙasa da giram 50 a rana, wato abin da malmalar tuwo guda za ta iya cinyewa, sai hanta ta koma narka kitse tana samar wa jiki wani makamashi. Nauyin da ake gani ya zube a makon farko, yawancinsa ruwa ne, saboda sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kamar ninki uku na nauyinsa. Daga baya ne kitse ke fara tafiya.

Kada mu yi wa tsarin ƙarya, yana da amfani. Mutane da dama suna ramewa da shi, sukarin jininsu yana sauka, kitsen da ke yawo a jini, wanda ake rubuta TG a takardar gwaji, yana raguwa, kolestarol mai kyau kuma yakan ɗan ƙaru. Duk wannan likitoci sun gani. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaya kolestarol ɗin.

To, jama'a, shi kolestarol ba dafi ba ne. Hantarmu ce ke yin mafi yawansa, kuma jiki yana buƙatarsa wajen gina ƙwayoyin halitta da yin ruwan matsarmama. Tunda mai ba ya gauraya da ruwa, sai an ɗauke shi a cikin jini kamar yadda ake ɗaukar huhun goro a mota. Motocin iri biyu ne muka fi damuwa da su. HDL tana kwaso shi ta mayar hanta. LDL kuwa ita ke fita da shi, kuma idan ta yi yawa sai ta riƙa sauke kaya a bangon jijiyoyin jini. Shekara da shekaru hanya tana tsukewa, mutum bai ji komai ba, ba ciwon kai, ba zazzaɓi. Ranar da ta toshe a zuciya, sai a ce ya faɗi a kasuwa. Idan a ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. Mu nan mun ɗauki irin waɗannan a mota zuwa UCH, mun kuma raka wasu gawa zuwa gida Arewa, ba sai an ba mu labari ba.

Wasu likitoci biyu a Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, sun gano cewa hanta tana da wasu ƙofofi da take kama LDL daga jini da su, har aka ba su kyautar Nobel a 1985. Cin mai mai daskarewa da yawa yana rage aikin waɗannan ƙofofi, sai LDL ta taru. Wannan shi ne abin da ya sami ɗan'uwanmu. Ba kowa ne abin ke kamawa daidai ba: wani tasa ba ta motsawa sosai, wani kuma ta yi sama ƙwarai, kuma an lura hakan ya fi faruwa ga marasa jiki, waɗanda kowa zai rantse lafiyarsu lau. Akwai kuma masu gadon abin, kamar mutum 1 cikin 250. Ido ba ya ganewa, sai gwaji.

Wane ne mai mai daskarewa? Iyayenmu mata sun fi mu sani, shi ne wanda ke saurin yin barci in an ajiye. Kitsen sa da na rago, wanda ke daskarewa a kan balangu kafin ka gama ci. Man shanu, wanda kamar kashi 60 cikin ɗari nasa mai daskarewa ne. Man kwakwa ya wuce kashi 80. Man ja, wanda zaman ƙasar Yarbawa ya sa muka saba da shi fiye da iyayenmu, kusan rabi. Man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan mai ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana. Wanda ya karya da ƙwai a man shanu, ya yi rana da kayan ciki, ya kwana da tsire mai kitse, ya wuce nan nesa ba kusa ba.

Af, kafin mu manta. Kwalbar man da aka rubuta wa cewa babu kolestarol a ciki, kada ta ruɗe ku. Duk man da ya fito daga tsiro ba shi da kolestarol, har man kwakwa. Abin dubawa shi ne yawan mai daskarewar da ke ciki.

Mun san abin da 'yan'uwanmu na kara za su ce, don sun riga sun faɗa mana: Fulani fa, da man shanu da nono suka tashi, ga su garau. Maganar tana da tushe. A 2001 an buga wani bincike da Robert Glew da abokan aikinsa suka yi kan Fulani makiyaya a Filato, aka ga suna cin mai mai daskarewa sosai amma jininsu bai nuna haɗari ba. Su masu binciken sun danganta hakan ga yawan aikin jiki da kuma ƙarancin abin da suke ci gaba ɗaya. Bafillace yana bin shanu a ƙafa tun safe har yamma, kuma bai bar gero ba, fura yake damawa. Mu kuwa da muke zaune a shago ko teburin canji daga hantsi zuwa magariba, in za mu je masallacin Juma'a ma sai mun tare okada, kada mu ari jinin Bafillace mu yafa.

Shawararmu ita ce, duk mai son gwada tsarin nan ya fara yin gwajin kitsen jini, ya ajiye takardar, ya sake bayan wata uku. Wasu wuraren za su ce ka zo ba ka karya ba. Ga lambobin da za ku duba, idan an rubuta da mg/dL: jimillar kolestarol ƙasa da 200, LDL ƙasa da 100 shi ne abin so, TG ƙasa da 150. LDL da ta kai 190, wannan ba ta jira, a ga likita. In an rubuta da mmol/L, 200 ita ce 5.2, 190 kuma 4.9.

Sannan rage sitaci ba dole sai da kitse ba. Ana iya raba malmala biyu, a bar lemon kwalba, a rage sukarin shayi, wanda mu Hausawa ba ma jin daɗinsa sai cokali ya tsaya. A cike gurbin da kifi, titus da sardin, da gyaɗa da riɗi da kaza ba fata, da zogale da alayyafo da ewedu. Wake da kuɓewa suna da wani irin harza da ke taimakawa wajen sauke LDL, ga shi saƙon wayar cewa yake a bar wake. A wannan kam mun saɓa da shi.

Akwai waɗanda muke roƙo kada su taɓa tsarin nan sai da izinin likita. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, idan ya yanke tuwo ya ci gaba da magani yadda yake, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Haka mai ciki da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da wanda ya taɓa samun bugun zuciya. Wanda kuma aka ɗora kan maganin kolestarol, kada ya ajiye shi don wando ya yi masa yawa.

Shi ɗan'uwan namu ya bar man shanu da kitse, ya dawo da wake da ɗan tuwon dare, zai koma gwaji ƙarshen wata uku. Masu takardar gwaji da ba su gane ba, su same mu a teburin da ke bakin ƙofa bayan an tashi, mata kuma akwai 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da za ta zauna da su.