Wa Ke Jinyar Mai Jinya?

 

Zan fara da wata kalma da muke faɗa kullum ba mu tsaya mun duba ta ba. Idan aka ce maka wance tana jinya, sai ka sake tambaya: ita ce ba ta da lafiya, ko wani take kula da shi? Hausa ta haɗa mutum biyu a kalma ɗaya, na kwance da na zaune a gefensa. Amma idan muka shiga dubiya, mutum ɗaya muke gani. Yau na zo in yi magana a kan na biyun, musamman a irin ciwon da likita ya riga ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta yi wata tara a kwance da ciwon daji da ya fara daga mama ya kai ga ƙashi. Da asibiti suka sallame ta, takardar magani kawai aka miƙo, ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da za ku tarar a gida. Jinyar ta faɗa kan babbar 'yarta, wadda nake kira Yaya, mai 'ya'ya biyar da keken ɗinki ɗaya. Ita ke juya goggo don kada kwanciya ta zame mata gyambo. Ita ke shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani, ta kai fo, ta wanke, ta dama kunu ta ba ta cokali-cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Kafin kiran assalatu igiyar shanya ta cika da zannuwa. Da dare idan ciwon ya taso, goggo ba ta ihu, sai dai ta cije gefen mayafi tana ambaton Allah, Yaya kuma tana danna mata baya har gari ya waye. A wata na biyar aka sayar da keken ɗinkin.

Mu kuwa muna zuwa ranar Juma'a da ledar lemu da gwangwanin madara. "Sannu goggo, ya jiki?" "Da sauƙi." Mu yi addu'a mu tashi. Wata rana da za ta raka ni zaure na ce, "Yaya, ke ya naki jikin?" Sai ta yi dariya, can kuma hawaye ya zubo. Ta ce, "Ƙanena, rabona da barcin awa huɗu a jere tun kafin azumi." Ranar da Allah ya karɓi ran goggo, layinmu bai ɗauki mutane ba. An kafa rumfa, an jera kujeru, maƙwabta sun yi kwana uku suna kawo abinci. Ina zaune cikin masu karɓar gaisuwa ina lissafi a zuci: da kowace ɗaya daga cikin matan da suka cika gidan nan ta karɓi Yaya dare ɗaya tak, da ba ta yi wata tara a tsaye ba.

Abin da nake son mu tafi da shi ke nan. Mun iya dubiya, mun iya jana'iza, duniya ta shaide mu a kan waɗannan biyun. Abin da ke tsakaninsu, wato watannin jinya, shi muka bar wa mutum ɗaya, kuma galibi mace ce. Ba rashin tausayi ne ya jawo ba. Jana'iza tana da tsari, kowa ya san aikinsa: mai wanka, mai ɗinka likkafani, masu haƙa kabari, mai sallah. Jinya ce ba mu yi wa tsari ba.

Matsalar ba tamu mu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne a kowace shekara ke buƙatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kaɗai ke samunta. A 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da wannan kulawa cikin tsarin kiwon lafiyarsu. Ma'anarta a taƙaice ita ce, idan magani ya kasa warkar da ciwo, aikin likita bai ƙare ba. Saura rage zafi, tsaftace rauni, kwantar da hankali, da tallafa wa iyali.

Wadda ta kafa harsashin wannan fanni a zamaninmu ita ce Cicely Saunders, 'yar Ingila da ta fara aiki a matsayin malamar jinya kafin ta karanci likitanci. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan don waɗanda ciwonsu ya ƙi magani. Abu biyu ta koyar. Na farko, a riƙa ba da maganin zafi bisa agogo, kada a jira sai ciwo ya taso ya gigita mutum sannan a nemo allura. Na biyu, zafin mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na zuciya, da na tunanin iyali da bashi, da na tsakaninsa da Mahaliccinsa. Don haka ta ɗauki majinyaci da iyalinsa a matsayin abu ɗaya da za a kula da shi.

Na san wani zai ce wannan zancen ƙasashen masu kuɗi ne. To mu leƙa Uganda. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa yin shekaru tana aikin likita a kudancin Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala. Ba ta fara da gina katafaren asibiti ba. Garin mofin, wato maganin kashe zafi, ake jiƙawa da ruwa, a sa masa launi don a bambanta mai ƙarfi da mai sauƙi, a zuba a kwalba, malamar jinya ta ɗauka ta bi majinyaci har gida, ta koya wa mai jinya yadda za ta auna ta ba shi ta baki. A 2004 gwamnatin ƙasar ta ba malaman jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta wannan magani da kansu, saboda likitoci ba su kai ƙauyuka ba. Ku tuna goggona da gefen mayafinta. Maganin da zai ba ta barci, ya ba 'yarta barci, ba ya cikin magunguna masu tsada.

Na san abin da ke ran wasunku. Mun ga ɓarnar da kodin da taramol suka yi wa matasanmu, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron yana da dalili. Amma ba a hana gida wuta don wani ya yi gobara. Mofin ɗin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, aka shigar a rajista, aka ba tsohuwa mai ciwon ƙashi, daban yake da kwalbar da ake sayarwa a bayan tasha. A sa ido, a kuma bar mai haƙƙi ya samu.

Misali na biyu shi ya fi kama da mu. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya, wasu likitoci, ciki har da Dakta M. R. Rajagopal da Dakta Suresh Kumar, sun kafa ƙungiyar kula da masu raɗaɗi a birnin Kalikat a 1993. Ba su daɗe ba suka gane cewa ɗakin asibiti ɗaya ba zai iya ba, domin yawancin abin da ke damun majinyaci a gida yake: abinci, kuɗin makarantar yara, kaɗaici. Sai aka mayar da aikin hannun unguwanni, aka fara da gundumar Malappuram, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne. 'Yan sa-kai, daga ɗalibai zuwa 'yan kasuwa da malaman makaranta, su ke gano gidajen da ke da na kwance, su ziyarce su, malamar jinya ta riƙa zagayawa, likita ya shigo idan abin ya fi ƙarfinta. Kuɗin kuma mafi yawansa ƙananan gudummawa ne daga mutanen gari. A 2008 Kerala ta zama jiha ta farko a Indiya da ta fitar da manufar gwamnati a kan wannan kulawa. Ku lura da yadda abin ya jeru: jama'a suka fara, gwamnati ta biyo baya.

A nan gida ma ba a zauna ba. A Ibadan, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun yi shekaru suna wannan fafutuka, har aka buɗe sashen kulawar sauƙaƙa raɗaɗi a asibitin koyarwa na jami'ar garin a 2007. Akwai kuma ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni ta ƙasa. Amma asibitin koyarwa yana birni, na kwance kuma yana ɗakin tsakar gida, sau da yawa a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Dole aikin ya sauko unguwa.

Kayan aikin kuwa muna da su. Muna da masallaci a kowane layi, da 'yan agaji masu horo, da makarantun Islamiyya na matan aure, da adashi, da hukumomin zakka da waƙafi a jihohi irin su Kano da Sakkwato. Ga abin da nake roƙo.

Na farko, kowace unguwa ta san gidajen da ke da na kwance. Mai unguwa da liman da shugabar mata sun isa su haɗa wannan, cikin sirri da mutunta gida.

Na biyu, a yi wa jinya karɓa-karɓa kamar yadda ake yi wa adashi. Mata huɗu ko biyar amintattu su raba kwanaki, mai jinya ta samu dare ɗaya ko wuni ɗaya a mako ta yi barci, ta je kitso, ta ga 'ya'yanta. Maza kuma ku sani jinyar uba da miji da ɗan'uwa ba ta rage wa namiji komai. Ɗaga babban mutum daga shimfiɗa aikin ƙarfi ne, bayan mata da yawa ya lalace a kansa.

Na uku, a yi rumbun kayan aro. Keken marasa lafiya, katifa mai leda, fo, sandar dogarawa, duk a saya sau ɗaya a matsayin waƙafi, gida ya ara, in an gama a wanke a mayar. Sadaka mai gudana ba rijiya kaɗai ba ce.

Na huɗu, ku ma'aikatan lafiya, kada ku sallami irin wannan majinyaci sai kun zaunar da mai jinyarsa ko na rabin awa ne. Ku nuna mata yadda ake juya shi duk bayan awa biyu, da wuraren da gyambo ke fara fitowa, wato ƙugu da diddige da kafaɗa. Ku gaya mata mofin yana sa bayan gida ya yi tauri, ga abin da za a haɗa da shi. Ku gaya mata idan lokaci ya matso cin abinci yana raguwa, ɗura ba ta ƙara kwana, sai ma ta shaƙe shi, jiƙa leɓe da ruwa ya fi. Ku ba ta lambar da za ta kira da tsakar dare. Kuma ku faɗa wa iyali gaskiya cikin taushi, don kada a sayar da gona a bi maganin da ba zai yi ba, kuma don mai ciwo ya samu damar yin wasiyya, ya biya bashi, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa.

Na biyar, iyayenmu malamai, ku taimaka mana a kan mumbari. Mutane da yawa suna ɗauka neman sauƙin raɗaɗi rashin haƙuri ne da ƙaddara, mai jinya kuma tana jin kunyar ta ce ta gaji, kada a ce ta gaji da uwarta. Ku ne za ku warware musu wannan. Wanda zafi ya lafa masa shi ke iya sallah da natsuwa, shi ke iya kalmar shahada da hankalinsa.

Ku kuma 'yan'uwa na nesa, masu turo kuɗi ta waya daga Abuja ko Legas, Allah ya saka muku. Amma idan kun zo na kwana biyu, kada ku fara da tuhumar wadda ta yi wata shida a ɗakin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku karɓe ta, ku tura ta ta kwanta.

Yaya tana nan da ranta, ciwon baya bai bar ta ba har yau, sai bara muka haɗa kuɗi muka mayar mata da keken ɗinki. Mun makara, shi ya sa nake roƙon ku kada ku makara. Kowannenmu a ɗakin nan ya san gida ɗaya da ke da na kwance. Kafin Juma'a mai zuwa ka je gidan. Bayan ka gaida mai jiki, ka juya ga wadda ke zaune a bakin shimfiɗar, ka tambaye ta wane dare take so a karɓe ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu, ya kyautata ƙarshenmu.